Filin Tambaya da Amsa: Daga Damagaram zuwa Matamai, a Je a Dawo Rana Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Damagaram, ina zaune a unguwar Zango, kuma ban daɗe da sayen wata ƙaramar mota ta hannu ba. Tun da na saye ta iyakacina cikin gari, daga gida zuwa wurin aiki, sai kuwa kasuwar Dole idan uwargida ta yi aike. To, ga shi ƙanen matata zai yi aure a Matamai, za a ɗaura da hantsi, ina kuma so in ɗauki matata da yaranmu uku da mahaifiyata mu je mu dawo a ranar. Abokaina sun ce tafiyar ba ta kai a yi mata wani shiri ba, wai ko awa ɗaya ba za ta ci ba idan an taka mota. Shin haka abin yake? Idan ba haka ba ne, me ya kamata in tanada, kuma da ƙarfe nawa ya dace in tashi?

*Daga wani mai karatu, Zango, Damagaram*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a auren, ya kuma sa motar ta yi albarka. Abokanka sun yi gaskiya da suka ce tafiyar ba ta da nisa, amma sun yi kuskure da suka ce ba ta son shiri, domin mai zuwa Yamai tun jajibiri yake kai motarsa gareji ya kuma kwanta da wuri, mai zuwa Matamai kuwa sai ya ɗauka ƙofar gida ce, ya fita da tayar da ta ƙare, ya dawo cikin duhu.

Hanyar dai sananniya ce. Za ka fita yamma bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Ƙonni da Maraɗi da Tasawa, ta ratsa Damagaram ta nufi Gure da Diffa. Bayan ka wuce Tirmini za ka iso Takeita, wajen kilomita 50 daga gari, a nan ne za ka saki babbar hanyar ka karya hagu, ka yi kudu bisa hanya mai lamba 10, ka wuce Kance ka shiga Matamai. Wannan hanya ita ce ta zarce zuwa Ɗan Barto a bakin iyaka, daga can ta nufi Daura da Kano, shi ya sa ba ta rabuwa da manyan motocin kaya. Duka-duka tafiyar ba ta wuce kilomita 90 ba.

Mu ɗan yi lissafin da abokanka ba su yi ba. Wanda ya riƙe gudun kilomita 80 a awa, kilomita 90 za ta ci masa awa ɗaya da minti 7 ko 8, wanda kuwa ya riƙe 100 zai yi minti 54. Ke nan ribar da mai gudu ya ci ba ta wuce minti 14 ba, lokacin da ko gaisawa da surukai ba zai isa ba. Wannan ma a takarda ne, domin babu direban da zai riƙe gudu ɗaya tun daga Damagaram har Matamai, alhali akwai wurin biyan kuɗin hanya, akwai shingen jami'an tsaro, akwai garuruwan da dole a sassauta a cikinsu, akwai kuma tudun rage gudu da ake ginawa bisa kwalta. Abin da mai gudun yake sayen waɗannan mintoci da shi kuwa yana da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a gudun motoci yana ƙara haɗarin da ake rasa rai a cikinsa da kashi 4 cikin 100, dalilin kuwa shi ne nisan da mota take yi bayan an taka birki ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi, ta yadda idan gudu ya ninka sau biyu nisan tsayawar zai ninka sau huɗu. Don haka ka ware wa tafiyar awa ɗaya da rabi, idan da tsayawar yara ko ta Hajiya mahaifiyarka ka ƙara minti 15.

Babbar shawarata gare ka ita ce ka fara tsara tafiyar daga lokacin dawowa, sannan ka waiwayi lokacin tashi. Zuwa ba ya ba mutane wahala, domin da safe kowa garau yake, ido a buɗe, hanya a haske. Dawowa ce ke ɓata lissafi, musamman daga wurin biki. An ɗaura aure, an ci abinci, za ka ce a tashi sai a ce uwargida tana cikin gida wurin ƴan'uwanta, idan ta fito a ce ba a gaida kawu wane ba, idan an gaishe shi a ce ku jira tsaraba, ga ɗaurin rake ga ƙullin goro da alewa, kafin ka ankara an kira la'asar, an kuma ce ai ba kwa tafi ba ku sha fura ba. Babu wanda ya yi maka laifi a cikinsu, karamci ne, amma kai ne za ka riƙe sitiyari. A Damagaram rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 na yamma a lokacin sanyi, a damina kuma takan kai kusan ƙarfe 7, kuma a ƙasarmu duhu ba ya jinkiri bayan faɗuwar rana, cikin abin da bai kai rabin awa ba ya rufe. Saboda haka ka yi sallar la'asar a Matamai a farkon lokacinta, ka tada mota kafin ƙarfe 4 da rabi. Hanyar da za ka samu haka ba tare da an ga baƙinka ba ita ce ka faɗi lokacin tafiyarka tun da isarka, a gaban surukinka da kuma uwargida, ka ce da la'asar za ku juya saboda Hajiya da yara. Idan kuwa duk da haka magariba ta riske ka a can, to ka kwana, gidan surukai ba daji ba ne, gobe da sassafe ka kamo hanya.

Na nace a kan wannan ne saboda abin da ke bisa hanyoyinmu daga faɗuwar rana zuwa isha'i. Lokacin ne amalanken shanu da na jakuna suke komawa gida daga gona ko daga kasuwa, ba fitila gare su ba, ba kuma abin da ke ƙyalli a bayansu, suna tafe a gefen kwalta da ƙafa ɗaya a kanta. Lokacin ne makiyaya suke tsallakar da dabbobi, kuma baƙar saniya ko raƙumi a cikin duhu ba a ganinsu sai an zo dab da su. Motar kaya idan ta lalace ba kasafai ake jan ta gefe ba, iyaka yaron mota ya karyo rassan itace ya jera bisa hanya, wani lokaci ma bayan an gyara an tafi a bar duwatsun da aka tokare taya da su a tsakiyar kwalta. Ga mai fitila ɗaya da za ka ɗauka babur ne sai kun matso ka ga babbar mota, ga wanda zai haske ka da fitilar nesa ya ƙi saukewa. Fitilarka ta kusa ba ta haska maka abin da ya wuce mita 40 zuwa 50. Mai gudun kilomita 90 a awa kuwa yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafarsa ta bar totur ta taka birki ya riga ya yi mita 25, sannan motar tana buƙatar wasu mita 40 ko fiye kafin ta tsaya cak, idan birki da taya lafiyarsu lau ke nan. Duk abin da ya bayyana a cikin hasken fitilarsa, to ya riga ya yi kusa da yadda zai iya tsayawa.

Batun tashi da safe kuma mai sauƙi ne. Idan ɗaurin auren ƙarfe 10 ne, ka bar gida da ƙarfe 7 ko 7 da rabi, domin ko taya ta yi faci a hanya ka samu sararin canzawa ba tare da zuciyarka ta tashi ba. Ka kuma yi sa'a da wannan hanya, saboda da safe yamma ka nufa, rana tana bayanka har Takeita, da yamma kuma gabas za ka yi daga Takeita zuwa gida, tana bayanka har ila yau. Idan tafiyar ta faɗo lokacin hunturu aka tashi da hazo, ka kunna fitilar kusa ko da rana ce, don masu tahowa su gan ka, ka kuma ƙara rata tsakaninka da na gabanka.

Akwai wani abu a cikin wasiƙarka da ban so ya wuce ba. Na ƙirga ku, kai da uwargida da Hajiya da yara uku, mutum shida ke nan, ƙaramar mota kuwa kujera biyar gare ta da ɗamara biyar. Na san yadda aka saba yi, a ɗora ƙaramin bisa cinyar wadda ke gaba, amma wannan shi ne wuri mafi haɗari a cikin motar duka, domin idan aka yi karo ko aka taka birki da ƙarfi babu hannun da zai iya riƙe yaro, kuma jakar iskar da ke fitowa daga gaban mota, wadda aka yi don ta kare babba, tana iya yi wa ƙaramin yaro mummunan lahani. Tunda bikin na dangin uwargida ne, abin da ya fi dacewa shi ne ita ta riga ku da kwana ɗaya tare da ƙaramin yaron a motar tasha, ko kuma a saka ɗaya daga cikin manyan yaran a motar wani ɗan'uwa mai zuwa, a kuma yi irin wannan tsari a dawowa. Yara su zauna baya, kowa ya ɗaura ɗamara, har Hajiya, ko da za ta ce tana takura mata. Hukumar da na ambata ɗazu ta ce ɗamarar kujera tana rage yiwuwar mutuwar wanda ke cikin mota da abin da ya kai rabi.

Ita kuwa motar, ka kai ta wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya, ba safiyar ranar ba, domin idan aka gano abin da ke son gyara a samu lokacin yin sa a kuma gwada. Motar da ta saba da cikin gari, inda ba ta wuce gudun 40 ko 50, tana iya ɓoye cutar da ba za ta fito ba sai an yi rabin awa ana gudun 80. A duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki da fambel, a gwada fitilu duka har da na birki da sigina. Amma taya ita ce za ka tsaya a kanta da kanka. Ka tsuguna ka duba gefen kowace taya, za ka ga jerin haruffa da lambobi, a ƙarshensu akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye mai tsawo, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Da yawa daga tayoyin hannu da ake kawo mana sun riga sun tsufa tun kafin su iso, zanensu yana nan da kyau amma robar ta bushe, idan ka kai ido kusa za ka ga ƙananan tsage-tsage a gefe. Irin wannan ce ke fashewa da tsakar rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura maki 40 kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Tayar da ta haura shekara 6, ko ta yi ƙulli a gefe, ko zanenta ya shafe, kada ka ɗora iyalinka a kanta. A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, gwargwadon abin da aka rubuta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba, ba gwargwadon bugun da mai faci zai yi wa tayar da ƙarfe ya ce ta yi ba. Ka fito da safaya a auna ta ita ma, ka gwada jak da abin kwance taya a ƙofar gida, domin ba a bakin hanya tsakanin Takeita da Kance ya kamata ka gano cewa abin kwancen bai dace da notin motarka ba.

Takardu kuma ka haɗa su a jaka ɗaya tun daren: farmi (takardar izinin tuƙi), kat-giris (takardar mallakar mota), asirans (inshora) da binyet (takardar harajin mota) da takardar bizit (ta binciken lafiyar mota), ka duba kwanan watan kowace don kada wata ta ƙare ba ka sani ba. Tunda motar ta hannu ce, ka tabbatar sunan da ke kan kat-giris naka ne, in kuwa ba a sauya ba tukuna, ka riƙe takardar sayen. Kowane babba ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa. A wurin biyan kuɗin hanya ka karɓi takardar shaida ka adana ta har ka dawo. Idan ka hango shingen ƴan sanda ko jandarma ko duwan, ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka yi sallama, ka miƙa abin da aka tambaya. Wanda takardunsa suka cika ba ya daɗewa a shinge.

Mai ba zai ci maka kuɗi da yawa ba. Ƙaramar mota takan sha wajen lita 8 a kilomita 100, zuwa da dawowa da ɗan zagaye cikin gari kuma ba za su wuce kilomita 200 ba, wato lita 16, idan ka lissafa da kaya da na'urar sanyi ka ce 20. A farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa litar fetur a 2024, jika goma, wato sefa dubu goma, ta ishe ka. Ka sha man tun daren a gidan mai, ka kuma riƙe wasu ƴan canji don kuɗin hanya da faci. A saka jarkar ruwa biyu a bayan mota, ɗaya ta sha ɗaya ta lagireto, waya ta kwana a caji, lambar bakanikenka da ta wani a gidan biki su kasance a ciki. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. Idan allurar zafin inji ta tashi, ka kashe na'urar sanyi, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya ka kashe mota, kada kuma ka buɗe murfin lagireto sai injin ya huce, domin ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, fesowa yake yi.

Abu na ƙarshe shi ne wuce mota. A cikin gari ka saba wuce adaidaita da kabu-kabu, amma wuce tirela ko tankin mai a hanya mai layi biyu wani abu ne daban, domin za ka daɗe a hannun masu tahowa fiye da yadda kake zato, su kuma suna rufe ratar da gudunsu haɗe da naka. Kada ka manne wa bayan babbar mota, ka ja baya yadda za ka riƙa hango gaba, kada ka wuce a kwana ko a hawa ko a cikin gari, idan zuciyarka ta yi kokwanto ka fasa. Idan babbar motar bas ta taho ta cinye hanya, ka rage gudu kafin ka sauka gefe, saboda bakin kwalta a wurare da dama ya zaizaye ya yi gaɓa, tayar da ta faɗa masa da gudu kuwa tana iya fizge sitiyari daga hannunka.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce, bana na samu farmi. Ina so in riƙa kai mahaifiyata Mirya ranar Lahadi wurin ƴan'uwanta, mu yi cefane a kasuwa mu dawo. Maigidana ya ce hanyar ba ta yi wa sabon hannu ba. Me ka gani?

*Daga wata mai karatu, Sabon Gari, Damagaram*

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira, ya kuma saka miki da alheri kan wannan zumunci. Mirya ba ta wuce kilomita 20 daga Damagaram ba, bisa hanya mai lamba 1 ta wajen gabas, kuma a ganina babu hanyar da ta fi ta dacewa da wanda yake son fara fita bayan gari. Sai dai damuwar maigidanki tana da tushe ta fuska biyu. Ta farko, Lahadi ita ce ranar kasuwar Mirya, ranar da hanyar ke cika da amalanke da babura masu ɗauke da buhuna da tukwane, da motocin haya da ke tsayawa ko'ina ba sigina, da masu jan akuya da tunkiya a gefen kwalta. Ta biyu, ke akasin mai zuwa Matamai ce, domin da safe gabas za ki nufa, rana tana cikin idonki, da yamma kuma ki juyo yamma ki sake cin karo da ita. Maganin wannan shi ne ki bari sai ta ɗaga, wajen ƙarfe 9, ki kuma dawo kafin ta sunkuya, ki wanke gilashin gaba ciki da waje, saboda ƙurar da ba ki gani da rana ita ce ke mayar da gilashi fari fat idan hasken ya bugo shi kai tsaye. Shawarata ita ce ki fara zuwa sau ɗaya ko biyu a ranar da ba ta kasuwa ba, maigidan yana zaune a gefenki, ki riƙe gudun 60 zuwa 70, wanda ya matsu ya wuce. Idan kin isa ranar kasuwa, ki ajiye motar a gidan ƴan'uwa ki ƙarasa da ƙafa, kada kuma ki bar yaro ko tsohuwa a cikin mota a rufe, ko na minti biyar ne.

Tambaya: Malam, man ƴan ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya, shin yana lalata mota ne da gaske, ko kuwa maganar masu gidajen mai ce?

*Daga wani ɗalibi, Birni, Damagaram*

Amsa: Ɗana, ba kowace kwalba ce mai cuta ba, kuma babu mai mota a garin nan da zai ce bai taɓa tsayawa wurinsu ba. Matsalar ita ce ba ka da hanyar sanin tarihin man, a wace jarka ya kwana, ƙura ko ruwa sun shiga ko ba su shiga ba, an gauraya shi ko ba a gauraya ba. Tsofaffin motoci suna haƙuri da wannan, amma na yanzu masu fesa mai ta ƙananan kafofi ba sa ɗaukar datti, sai ka ji mota tana shaƙewa a hawa ko ta mutu a inda babu bakanike. Dalilin da ya sa mutane suka saba da shi a da shi ne araha, to tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 wannan arahar ta ragu ƙwarai. Matatar man fetur ta SORAZ kuma, da ke arewa da gari a hanyar Tanut, tana aiki tun 2011. Duk da haka an ga ƙarancin mai a ƙasar a watan Maris na 2025, don haka mai shirin tafiya ya sha mansa tun da wuri a gidan mai. Idan dole ta sa ka saya a kwalba, ka ɗaga ta ka duba a haske, ka sa a tace da tsumma mai tsabta, ka sayi abin da zai kai ka gidan mai na gaba kawai.

Tambaya: Ina zuwa Magariya da kaina kusan kowane wata saboda harkar kasuwanci. Da damina idan na tarar ruwa yana gudu bisa hanya, yaya zan gane ko zan iya ratsawa?

*Daga wani ɗan kasuwa, Damagaram*

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Hanyar Magariya, wadda ta yi kudu ta Dogo da Bande, ta ratsa ƙasar fadamu da koramu, kuma a watan Yuli da Agusta ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya sauko wa korama alhali a inda kake ko ɗigo ba a yi ba. Amsar a taƙaice ita ce idan ruwan yana gudu kuma ba ka ganin kwalta a ƙarƙashinsa, ka tsaya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota ya ja ta gefe, kuma ba ka san ko ya riga ya cinye bakin hanyar ta ƙasa ba. Ko bai ja ta ba, idan ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, injin ya tashi aiki, gyaransa kuwa ya fi ribar tafiya goma. Kada ka auna da babbar motar da ka ga ta wuce, nauyinku da tsayinku ba ɗaya ba ne, kada kuma ka dogara da samarin da za su ce ka shigo su tura ka. Ka kafa ido ga wani dutse ko kututture a bakin ruwan ka ga ko ruwan yana hawa ko yana sauka, domin ruwan korama ba ya daɗewa, sau da yawa cikin ƴan awoyi yake janyewa. Idan ya sauka har kwalta ta bayyana, ka bar mota irin taka ta fara wucewa, sannan ka shiga da giya ta ɗaya, a hankali ba tare da ka saki totur ba, idan ka fita kuma ka riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan har ya bushe ya dawo da kamunsa. Kafin ka bar gida ma, ka biya ta tasha ko ka kira direban haya da ya shigo daga Magariya da safiyar ranar, shi ne zai gaya maka inda ruwa ya tsaya da inda hanya ta karye.